Yadda Ake Karanta Alamomin 'Yan Baikin a Jikin Riga Kafin a Saya

An kwance dilar gwanjo a gabana, na ɗago wata baƙar riga mai hula, auduga mai kauri, ko zare ɗaya bai saki ba. A gadon bayanta an buga farin zane: layuka takwas sun fito daga tsakiya kamar ƙarafan laima, kowanne da 'yan ƙugiyoyi a bakinsa, an zagaye su da wasu haruffa kamar kararen da aka kakkarya. Mai kayan ya ce, "Alhaji, ado ne kawai." Ni kuwa na san hatimi ne na mutanen tsibirin Aislan. Irin waɗannan riguna da sarƙoƙi masu alamomin 'yan Baikin, wato mayaƙan jiragen ruwa na arewacin Turai a zamanin da, sun yi yawa a kasuwa da shagunan intanet, kuma mai sawa ya cancanci ya san abin da ya ɗauko a ƙirjinsa.

Fara da duba siffar zanen. In ka ga guduma mai gajeren ƙota, Miyolnir ke nan, makamin Tor, abin bautar 'yan Baikin na tsawa. Mutanen Denmak da Suwidin da Nowe na wancan zamani suna rataya ƙaramarta a wuya don neman tsari, kamar dai laya. A 2014 an tono wata a tsibirin Lolland na Denmak, a jikinta an rubuta cewa wannan guduma ce, abin da ya kashe gardamar masu cewa wani abu ne daban. Alwatika uku a sarƙe da juna kuwa Balknut ake ce musu. Suna nan a sassaƙe a kan duwatsun tsibirin Gotland, kusa da hotunan mayaƙa da matattu, shi ya sa ake danganta su da Odin, babban abin bautarsu. Sunan dai daga baya aka raɗa shi, don haka duk mai tallar da ya zayyana maka ma'anarsa dalla-dalla, daga kansa ya ƙaro. Hankaki biyu su ne Hugin da Munin, wato tunani da tunawa, 'yan leƙen asirin Odin. Babbar bishiya mai saiwa baje ita ce Igdrasil, wadda suka ce ita ke riƙe da duniyoyi.

Daga nan sai ka tambayi shekarun alamar, don a nan aka fi yi wa mutane rufa-ido. Zamanin Baikin ana lissafa shi daga 793 zuwa 1066. Hatimin bayan rigar nan da na ɗago, Begbisir, an san shi ne daga wani kundin rubutun hannu da aka tattara a garin Akureyri na Aislan a 1860. Kusan shekara 800 ke nan bayan ƙarewar zamanin, kuma Aislan ta karɓi Kiristanci tun wajen shekara ta 1000. A ƙarƙashin zanen an rubuta cewa mai ɗauke da shi ba zai ɓata ba ko cikin guguwa, ko da bai san hanya ba. Masu sayarwa suna kiransa kamfas ɗin Baikin, alhali ba a taɓa samunsa a jirgi ko kabarin wani ɗan Baikin ba. Yana da ɗan'uwa, Egishiyalmur, na kwarjini da firgita abokin gaba, wanda ake zanawa a dalma a danna tsakanin gira. Ga yadda za ka bambanta su: ƙafafun Egishiyalmur takwas ɗin kamarsu ɗaya, na Begbisir kowacce da irin nata kan.

Sai haruffan. Run ake ce musu, kuma tun farko rubutu ne na yau da kullum, a kan itace da ƙashi da dutse. Tsohon jerin yana da harafi 24, na zamanin Baikin ya ragu zuwa 16. Yawancin riguna da mai 24 ake buga su, wanda ya riga Baikin ɗin ma. Ka nemi jadawalinsu a wayarka, ka bi harafi-harafi. Wani lokaci za ka tarar jerin haruffan ne kawai daga farko zuwa ƙarshe, wani lokaci Turanci ne aka rubuta da su. Kowane harafi da sunansa. Na farko, Fehu, yana nufin shanu, yana kuma nufin arziki, kamar yadda mu ma idan an ce dukiyar Bafulatani an san garke ake nufi. Sai dai tsarin duba da masu talla ke liƙa wa kowane harafi, akasarinsa a ƙarni na 20 aka tsara shi. Kana ma da run a aljihu: tambarin Bluetooth haruffa biyu ne a haɗe, H da B, na Sarki Harald na Denmak.

Kada ka tsallake wannan, musamman in Turai za ka. 'Yan Nazi sun ɗauki wasu haruffan sun mai da su tambarinsu. Harafin S guda biyu masu kama da walƙiya alamar rundunarsu ta SS ce, kuma dokar Jamus ta hana nuna ta a bainar jama'a. Otala, mai kama da lu'ulu'u da ƙafa biyu, da Tiwaz, mai kama da kibiya ta kalli sama, har yau ƙungiyoyin wariyar launin fata na amfani da su. Dab da gasar Olamfik ta hunturun 2018, rigar sanyin da kamfanin Dale of Norway ya yi wa 'yan wasan sulun ƙanƙara na Nowe ta jawo ce-ce-ku-ce saboda Tiwaz ɗin da ke jikinta. Baƙar fata ya sa tambarin masu ƙinsa a rashin sani, wannan yana min ciwo ƙwarai.

Yanzu sai ka yanke hukunci. Waɗannan alamomi suna da masu su. A Aislan gwamnati ta amince da ƙungiyar masu bin tsohon addinin, Asatru, tun 1973, kuma guduma a wurinsu abin ibada ce. Ni ba na sa guduma ko hatimi, don an yi su ne saboda neman tsari daga wanin Allah, kuma ba na son in tsaya sallah da su. Wanda zuciyarsa ke wasiwasi ya tuntuɓi malaminsa. Rigar can na mayar da ita cikin dila.

In kuwa kyan aikin ne ya ja ka, akwai ado zalla da za ka ɗauka. Nemi hoton ƙofar tsohon cocin katako na Urnes a Nowe, inda layuka sirara ke sarƙewa da juna, ko ganyayen surfanin da aka samu a kabarin Mammen na Denmak, na wajen 970. 'Yan Baikin ma a bakin hannu da gefen tufa suke jera aikinsu. Ka fitar da zanen a takarda daidai faɗin da kake so, yatsa biyu ya isa, ka kai wa mai aikin wuya. Zaɓi yadi mai jiki, zare ja ko ruwan ƙasa. In shuɗi kake so, ganyen da suke rini da shi sinadarinsa ɗaya da baban da ake zubawa a karofin Ƙofar Mata, don haka rinin Kano zai ba ka launin. Ka ce wa telan ya fara gwadawa a ƙyalle, saboda layukan Urnes in zare ya yi kauri cushewa suke yi.