Duba bakin dabba kafin ka sayi maganin tsutsa

'Yan uwa masu kiwo, idan saniya ko tunkiya tana ramewa alhali ga abinci a gabanta, fara buɗe bakinta ka duba.

Sau da yawa haƙori ne matsalar.

Shanu, tumaki da awaki ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri. Na ƙasa guda 8 ne, da su take yankar ciyawa. In sun zube ko suna girgiɗa, za ta yini tana kiwo cikin bai cika ba.

Sannan ka shafa kumatunta ta waje. Ka ji ƙullutu, ko ka ga tana zubar da tuƙa a ƙasa? To, matsalar turame ce, wato haƙoran ciki na tauna, ko ciyawa ta cushe a gefe. Kada ka kuskura ka zura yatsa can ciki, turamen na da kaifi sosai.

Irin wannan dabbar, ware ta ka riƙa ba ta abinci mai laushi.

Amma fa in ka ga yawu na dalala, ga ƙuraje a harshe, tana kuma ɗingishi, wannan ya wuce haƙori. Yana iya zama ciwon baki da kofato, kuma yana yaɗuwa da sauri. Killace ta, ka kira likitan dabbobi.