Yadda ake ƙirga bugun zuciyar karen farauta, da naka

Da rani, in aka dawo daga farauta a ƙauyukan Birnin Kudu, sai ka ga kare ya zube a gindin darbejiya, harshe waje, mai shi ya rasa gane ko gajiya ce ko ciwo. Yatsu biyu da agogon waya za su ba ka haske.

Bugun da za ka ƙirga, wani ɗan ƙulli ne a saman zuciya ta dama yake tayar da shi, daidai inda babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai da hannuwa take shiga. Turawan Birtaniya biyu, Keith da Flack, suka gano shi a 1907. Shi ne makaɗi, sauran zuciya 'yan rawa. Mu da kare duk muna da shi.

To, fara barin karen ya sha ruwa, haki ya lafa. In ba naka ba ne, ko kuwa yana dalalar da yawu yana kai cizo, kada ka kusance shi, ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne.

Tsuguna a gefensa, ka zura manuniya da ɗan tsakiya cikin cinyar baya, can sama wajen matsematsi. Danna a hankali har ka ji jijiya tana harbawa. Ban da babban yatsa, shi ma yana da nasa harbin, sai ya ruɗe ka. Ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Kare baligi a kwance yakan kama daga 60 zuwa 140 a minti, masu girman jiki na ƙasa-ƙasa, kwikwiyo kuwa ya zarce haka.

Nan mutane ke firgita: bugun yakan yi sauri in ya ja numfashi, ya sassauta in ya sauke. Ga kare wannan lafiya ce. Amma in ya huta bugun bai sauka ba, dasashinsa ya yi fari fat, nemi malamin dabbobi.

Wanke hannu, sannan ka gwada naka a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa. Baligi a zaune, 60 zuwa 100 ne. In ya wuce haka ga jiri ko ciwon ƙirji, ajiye gora, a kai ka asibiti.