Lissafin tashi: ka ɗauka inji ɗaya zai mutu a V1

Kafin in karɓi jakar fasinja ko ɗaya, nakan zauna da littafin jirgi da rahoton yanayi, in yi lissafin tashi a kan cewa inji ɗaya zai mutu daidai V1, wato gudun da in jirgi ya wuce shi a titi ba a fasa tashi. In lissafin bai fita ba a haka, jirgin ya yi nauyi, ko da injinan biyu lafiyarsu lau.

Fara da titi. Duba NOTAM, sanarwar da ake fitar wa matuƙa, don sau da yawa an rufe wani sashe, ko kuma daga mahaɗar tsakiya za a ba ka tashi. Tsawon da ya rage dole ya ishe ka abu biyu: ka taka birki a V1 ka tsaya, ko ka ci gaba da inji ɗaya ka kai ƙafa 35 a ƙarshensa. A jiƙaƙƙen titi ƙafa 15 ne kawai. Iskar gaba rabinta ake ƙirgawa, ta baya kuwa ninki ɗaya da rabi.

Sai zafi da tudu. Filin jirgin Aspen a Amurka yana kusan ƙafa 7,800 sama da teku. Ranar da zafi ya kai digiri 25, inji da fukafukai za su yi aiki kamar suna sama da ƙafa 10,000.

Inda na fi so ka tsaya shi ne hawa na biyu, daga naɗe tayoyi zuwa aƙalla ƙafa 400, kana riƙe da V2, gudun da aka tsara don hawa da inji ɗaya. Ƙa'ida ta ce jirgi mai inji biyu ya hau kashi 2.4 cikin ɗari da inji ɗaya, wato kusan ƙafa 146 a kowane mil na ruwa. Wannan sharaɗin ba jirgi lasisi ne, babu ruwansa da dutsen da ke gabanka. Wajen tsallake dutse ko hasumiya, sai an zabge 0.8 daga hawan da jirgin ke iya yi, sannan abin da ya rage ya wuce saman abin da ƙafa 35.

Taswirar fita, mai nuna hanyar da za a bi bayan tashi, ita kuma nata daban. Tana neman aƙalla ƙafa 200 a mil na ruwa, kashi 3.3 ke nan, kuma an zana ta ne a kan injina duka na aiki. Ninka 200 ɗin da gudunka a ƙasa, ka raba da 60: a gudun mil 150 na ruwa a awa, ƙafa 500 ke nan a minti. Na sha ganin matuƙa sun ga 2.4 ya fita, hankalinsu ya kwanta, alhali ba su da hanyar da za su bi in inji ya mutu. Wannan na tayar mini da hankali ƙwarai. Nemi nazarin titin da aka yi wa samfurin jirginka, mai ɗauke da hanyar kauce wa tsaunuka.

In lissafi ya ƙi, rage filaf (sashen bayan fiffike da ake saukarwa) yana ƙara hawa amma yana cin titi. In hakan bai isa ba, rage mai ka tsaya a hanya, ko ka tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi. Mai jirgi zai ɓata rai, ka nuna masa lambobin a natse.

Kafin ka saki birki, faɗa wa abokin tuƙinka da baki: V1 nawa, ina za ku juya, a wane tsayi za ku naɗe filaf, da minti nawa littafi ya yarda inji ya zauna a ƙarfin tashi, 5 ne ko 10.