'Yan tsaki na mutuwa a buroda (wurin da ake ɗumama su)? Ga inda za ka fara dubawa

Kafin ka ruga sayen magani, tsaya ka kalle su tukuna. In sun cunkushe a ƙarƙashin fitila suna ta tsuwa, sanyi ne, kuma a haka suke danne juna, da safe ka tarar na ƙasan sun mutu. In kuma sun watse gefe baki buɗe suna haki, zafi ya yi yawa. Satin farko zafin ya kasance digiri 32 zuwa 35, kana rage kamar 3 duk sati.

Mai amfani da gawayi don Allah ya bar kafar iska, hayaƙin nan yana kashe su shiru cikin dare.

Sai ka ɗaga ɗaya ka duba duburarsa, in kashi ya bushe ya toshe wajen, goge shi a hankali da ruwan ɗumi. Duba cibiya ma, in ta kumbura tana wari matsalar galibi daga wajen ƙyanƙyasa ta taho.

Mazubin ruwa a sa masa tsakuwa kar su faɗa, shimfiɗa in ta jiƙe a canza. Ka ga jini a kashi ko mutuwar ta ƙi tsayawa, ɗauki gawar ka kai wa likitan dabbobi ranar.