Yadda Ake Auna Tasirin Maganar Shugaba a Kan Himmar Ma'aikatan Otal Masu Al'adu Daban-daban

Babban otal yakan tara mutanen da ba su tashi a ƙasa ɗaya ba. Mai gyaran ɗakuna daga wata nahiya, mai dafa abinci daga wata, mai karɓar baƙi daga wata, amma manaja ɗaya ne ke tsayawa a gabansu kafin a kama aiki. Duk wanda yake son sanin ko kalaman manajan nan suna ƙara musu himma, sai ya kiyaye kada ya ɗauki ladabin ma'aikaci a matsayin gamsuwarsa, domin a nan ne yawancin irin wannan awo yake kwaɓewa.

A fara da fayyace abin da za a auna. A 1988 wani masani mai suna Jeremiah Sullivan ya kasa maganar shugaba mai zaburarwa kashi uku: wadda ke nuna hanya, wadda ke nuna tausayawa, da wadda ke ba aiki ma'ana. Daga baya Jacqueline Mayfield da Milton Mayfield suka gina ma'aunin tambayoyi a kan wannan rabo. A cikin otal, kashin farko shi ne mai kula da sashe ya faɗa wa mai gyaran ɗakuna waɗanda za ta fara da su da kuma dalili. Na biyu shi ne ya tambayi mai hidima lafiyar ƙafarsa bayan ya wuni a tsaye. Na uku shi ne ya nuna wa sabon ma'aikaci yadda shimfiɗar da ya gyara take shafar dawowar baƙo.

Tambayoyin su tsaya a kan abin da aka gani aka ji. Idan aka rubuta "Shugabana ya iya magana da mutane", kusan kowa zai ce haka ne. Idan kuwa aka rubuta "Mai kula da sashena yana gaya mini dalili idan ya sauya jadawalin aikina", an ba mutum abin da zai tuna ya amsa. Ma'aunin amsa mai hawa biyar, wato mutum ya ba kowace tambaya maki ɗaya zuwa biyar gwargwadon yardarsa da ita, irin wanda Rensis Likert ya fito da shi a 1932, ya wadatar.

Sai fassara, wadda ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Hanyar da Richard Brislin ya bayyana a 1970 ita ce mutum ɗaya ya fassara tambayoyin, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da su harshen farko, sannan a gwada su biyun a ga inda ma'ana ta kauce. A ganina wannan ma bai isa ba sai an zauna da ma'aikata huɗu ko biyar daga kowane rukuni na harshe ko al'ada, a ce su faɗi da bakinsu abin da suka fahimta da kowace tambaya.

Batun al'ada shi ne ya fi bukatar natsuwa. Binciken da Geert Hofstede ya yi a kan ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM tsakanin 1967 da 1973 ya nuna al'ummomi sun bambanta ƙwarai wajen yarda da tazara tsakanin babba da na ƙasa da shi: Malesiya ta samu maki 104, Ostiriya kuwa 11, inda yawan maki ke nuna yawan yarda da tazarar. Wanda ya tashi inda ba a musa wa babba zai iya ba shugabansa maki biyar a kowace tambaya alhali ransa a ɓace yake, wanda ya saba faɗin albarkacin bakinsa kuma ya ba da uku alhali yana jin daɗin aikin. Saboda haka kada a jera matsakaicin makin rukunoni a ce wannan ya fi wancan. Abin dubawa shi ne, a cikin kowane rukuni shi kaɗai, ko waɗanda suka fi jin jagora ko tausayawa daga shugabansu su ne suka fi himma, da kuma wane kashi cikin ukun ya fi nauyi a wurinsu. A tuna cewa alkaluman Hofstede na ƙasashe ne, ba sa bayyana halin mutum guda.

Kada manaja ya raba takardun da hannunsa, kada a rubuta suna, kuma kada a fitar da sakamakon rukunin da bai kai mutum goma ba, domin ma'aikacin da zamansa a ƙasa ya rataya a kan kwantiraginsa ba zai faɗi gaskiya ba muddin yana zaton za a gane shi.

Ita himmar kanta a auna ta a wata rana daban, bayan makonni biyu ko uku, a kuma haɗa da abin da ke cikin kundin ofishin ma'aikata: yawan fashin aiki, yawan masu ajiye aiki, da koke-koken baƙi a kowane sashe. A maimaita awon a lokacin da otal ya cika maƙil da kuma lokacin da baƙi suka yi ƙaranci, saboda gajiya da sauyin albashi suna iya motsa waɗannan alkaluma ko da manaja bai canza komai a maganarsa ba.