Yadda nake gina hanyoyin jini da alewa a ajina

Ina koyar da ilimin halittu a wata lise (makarantar sakandare) nan Maradi, kuma kowace shekara sai ɗalibi ya tambaye ni: "Malam, me ya hana a ƙera wa mai ciwon ƙoda sabuwa?" Amsata ita ce jijiyoyin jini. Ƙwayar halittar da ta yi wa jijiya nisan da ya wuce kashi 1 cikin 5 na milimita ba ta samun iska, mutuwa take yi. Sai an fara gina hanyoyi kafin nama mai kauri ya rayu.

A 2012 Jordan Miller da Christopher Chen na Jami'ar Pensilbaniya a Amurka suka buga ragar sukari da na'ura, suka lulluɓe ta da wani kunu mai daskarewa da ke ɗauke da ƙwayoyi masu rai, suka narkar da sukarin. Ramukan da ya bari suka shimfiɗe da ƙwayoyin da aka samo daga jijiyar cibiyar jarirai. Dabarar nan nake kwaikwayo, ba tare da ƙwayoyin ba.

Ka dafa sukari da ruwa kaɗan har ɗigonsa ya ƙame cikin ruwan sanyi. Ka zuba shi siri-siri kan faranti mai mai, kamar rassan bedi, kaurin tsinken ashana biyu. In ya sha iska, ka ɗaga a hankali, ka shafa masa mai, ka sa a ƙaramar roba, bakinsa biyu na leƙowa sama.

Nan ne aikin yake. Kunun da za ka lulluɓe reshen da shi, agar za ka dama, wato garin ciyawar teku mai daskarewa, kada ka yi da jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba. Zafin Afrilu ya taɓa mayar mini da jelatin ruwa kafin a tashi. Kuma kada ka zuba da zafi. Karon farko na yi gaggawa, reshen ya narke a gaban yara, sai ruwa mai zaƙi. Ka bari ya huce har yatsa ya jure, ka aza robar kan ƙanƙara, ka zuba. Masanan ma sai da suka yi wa sukarinsu siririn rufi.

Da ya daskare, ka wanke ramin da ruwan ɗumi, ka ɗura zoɓo da sirinji. Ja zai bi reshe-reshe ya fito ta ɗaya bakin. Ka ajiye awa guda, yara su auna da rula iyakar inda launin ya ratsa.