Yadda ake gano shekarun kaburburan mutanen Maya da kabon-14

Maya tsohuwar al'umma ce ta yankin Amurka ta Tsakiya. Tun kafin mu yi nisa, lambar da ɗakin gwaji zai turo maka ba ita ce shekarar da mutum ya mutu ba, sai an yi mata gyara tukuna. Tushen abin shi ne duk mai rai yana samun kabon-14, wani nau'in sinadarin kabon mai raguwa da kansa a hankali, ta iska ko abinci, ranar da ya mutu shikenan ya daina, wanda ke jikinsa ya yi ta raguwa, duk wajen shekara 5730 rabi ya tafi. Willard Libby na Jami'ar Chicago ne ya fito da dabarar, har ya ci kyautar Nobel a 1960.

Na ɗaya, zaɓi abin da za ka gwada, kuma gaskiya nan ne aikin yake. In da hali ka ɗauki ƙashin mamacin ko haƙorinsa. Gawayin da ka tsinta cikin kabari yana iya yaudararka, kamar ka ga azara a sabon ɗaki alhali daga tsohon gidan kaka aka ciro ta, in ka gwada azarar ai shekarunta za ka samu ba na ɗakin ba. A Cuello, wani tsohon mazaunin Maya da ke arewacin ƙasar Belize, inda Norman Hammond ya fara tono a 1975, gwajin gawayi ya sa aka ce mutane sun zauna tun wajen 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, da aka ƙara gwaje-gwaje har da na ƙasusuwan da ke kaburburan sai aka dawo wajen 1200. Sama da shekara dubu fa!

Na biyu, rubuta zurfin da ka same shi da irin tukwanen da ke gefensa, ka naɗe cikin takardar alminiyam, kar a shafa mishi gam.

Na uku, a ɗakin gwaji za su wanke ƙashin da asid su ciro kolajin ɗin ciki, wato furotin ɗin ƙashi, don shi ake gwadawa. Matsalar ƙasar Maya zafi da damshi, sau da yawa kolajin ya riga ya lalace, shi ya sa ake auna kabon da naitirojin da ke cikinsa, in rabonsu bai faɗa tsakanin 2.9 da 3.6 ba sai a ajiye samfurin gefe. Mai kyau kuwa a sa shi a na'urar AMS, mai ƙirga ƙwayoyin kabon-14 ɗin da ke ciki, ɗan mitsitsi ya isa.

Na huɗu, gyaran. Sakamakon yana zuwa da BP, wato yawan shekaru kafin 1950, amma kabon-14 na iska bai tsaya wuri ɗaya ba tsawon tarihi, kamar mudu ne, na kowace kasuwa da girmansa. Don haka ake gwama lambar da jadawalin IntCal20 na 2020, wanda aka haɗa da zobunan cikin itatuwa da sauransu. Ka zuba lambar a manhajar OxCal ta Oxford, ta ba ka tsakanin shekara kaza zuwa kaza. Daga 800 zuwa 400 kafin Annabi Isa jadawalin ya kwanta shafe, samfur ɗaya sai ya bazu kan ɗaruruwan shekaru, to sai ka gaya wa manhajar wane kabari ne a ƙasa wane ne a sama don ta matse. Mamacin bakin teku da ya sha kifi kuma yakan fito ya fi shekarunsa tsufa, shi ma da nasa gyaran.

Na biyar, ka duba kalandar Mayan kansu, don suna sassaƙa kwanan wata. A 2013 Douglas Kennett da abokan aikinsa sun gwada wani katakon saman ƙofa daga Tikal a Gwatamala, mai labarin nasarar sarki Jasaw Chan K'awiil kan birnin Calakmul, sakamakon ya yi daidai da lissafin GMT, wato hanyar da masana ke bi su daidaita kalandar Maya da ta miladiyya, wanda ke sa yaƙin a shekarar 695 bayan haihuwar Annabi Isa.